Yadda Ake Koyon Poka a Waya Ba Tare da Zuba Ko Dala Ba

Duk wanda ya san zaman fada a Birnin Ƙonni, ko Galmi, ko Malbaza, ko can Illela da Badagishiri, ya san belot. A shimfiɗa tabarma, butar shayi tana kan gawayi, mutum huɗu su zauna biyu-biyu, a ware katuna 20 daga 2 zuwa 6 a ajiye gefe, a buga da 32 da suka rage. A ƴan shekarun nan wayar hannu ta shigo da wani wasan karta daban, wanda ake kira poka. Samari da yawa sun sauke shi suna ta danne-danne ba su san abin da ke gudana ba: a ba su jeto kyauta da safe, kafin azahar sun ƙare. Alhali wasa ne mai ƙa'ida da lissafi, kuma wanda yake iya riƙe yawan atun da ya fita a belot zai koye shi cikin ƴan makonni, babu abin da zai kashe sai forfen intanet.

Nau'in da ya fi yaɗuwa sunansa Texas Hold'em. Abin da ya bambanta shi da irin su belot shi ne katuna biyar da ake shimfiɗawa a buɗe a tsakiya, waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu. Daga jihar Texas ta Amurka ya fito; a 2007 majalisar jihar ta amince cewa a garin Robstown aka fara shi, a farkon ƙarni na 20. Ƴan wasan Texas suka kai shi Las Vegas a shekarun 1960, a 1970 kuma Benny Binion ya buɗe gasar World Series of Poker, wadda har yau ake yi kowace shekara.

Kafin a raba kati ko ɗaya, mu gama da maganar kuɗi. Poka da kuɗi caca ce, babu kwana-kwana. Alƙur'ani ya yi magana a kanta a suratul Baƙara aya ta 219, ya kuma haramta ta ƙarara a suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Wasan kartar da babu kuɗi a ciki kuwa, malamai sun saɓa: wasu sun ƙi shi gaba ɗaya, wasu sun ƙyale shi da sharaɗin kada ya hana salla ko aiki, kada ya jawo zagi da rantse-rantse. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin unguwarsu, in ya ce a bari, a bari, dara tana nan. Duk abin da zan faɗa nan gaba na jeton wasa ne, wanda ba a saye ba kuma ba a canjinsa.

Fara a tabarma

Kada ka fara da waya. A waya agogo yana korar ka, daƙiƙu kaɗan ake ba ka ka yanke shawara, mai koyo kuma yana buƙatar ya tsaya ya ƙirga. Ɗauko kartarku ta fada, ka mayar da katunan nan 20 ciki ta koma 52, ka cire joka. Ka nemi abokai biyu ko uku, a raba wa kowa ƙwallon dabino ko murfin kwalbar lemo daidai wa daida, su ne jeto.

Ɗan belot yana zuwa da halaye da za su cuce shi a nan. Babu atu a poka: ker, karo, pik da tirefil duk darajarsu ɗaya. Babu abokin wasa, kowa kansa yake yi wa. Ba a jefa kati ɗaya-ɗaya, ba a ƙirga maki. Bale da 9 da ake ji da su a atu, a nan ba su fi matsayinsu ba, 10 kuma ta sauko ƙarƙashin bale. Jerin daga sama shi ne as, sarki, dam, bale, 10, 9, har zuwa 2.

Ana cin wasa ne da haɗin kati biyar. Kana da biyu a hannu a rufe, biyar suna tsakiya, sai ka zaɓi biyar mafi ƙarfi cikin bakwai ɗin. Kana iya amfani da naka duka biyu, ko ɗaya, ko babu ko ɗaya. Mafi rauni shi ne hannun da bai haɗa komai ba, sai a duba babban kati. Sama da shi tagwaye, kamar 8 biyu. Sai tagwaye biyu, sai ƴan uku. Sai jeri, wato biyar a jere ba tare da duba dangi ba, kamar 5, 6, 7, 8, 9. As yana iya zama kan jeri a sama da sarki, ko gindinsa a ƙasa da 2, amma ba ya zama a tsakiya: dam, sarki, as, 2, 3 ba jeri ba ne. Sama da jeri akwai dangi ɗaya, katuna biyar duk na ker ko duk na pik. A kula, ker da karo duka ja ne amma ba sa haɗuwa. Daga nan sai uku da biyu, kamar dam uku da 4 biyu, sai ƴan huɗu, sai jerin dangi ɗaya, wanda ƙololuwarsa ita ce 10 zuwa as na dangi guda.

Masu koyo sukan rikice tsakanin jeri da dangi ɗaya, wanne ya fi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ya fi ƙarfi. Kati 52 suna iya ba da hannun biyar iri 2,598,960. Cikinsu jeri 10,200 ne, dangi ɗaya 5,108, uku da biyu 3,744, ƴan huɗu 624, waccan ƙololuwa kuwa 4 kacal.

Idan mutum biyu suka haɗa abu ɗaya, katin rakiya ke raba gardama. A ce tsakiya akwai sarki, 9, 5, 3, 2. Kai kana da sarki da bale, shi yana da sarki da as. Kowa tagwayen sarki gare shi, amma as ɗinsa ya danne balenka. Wannan ita ce asarar da ta fi yawa wurin sababbi, shi ya sa sarki da 4 ko as da 6 ba abin ɗoki ba ne.

Yadda hannu ɗaya yake tafiya

Akwai alamar mai rabo, wadda ke matsawa hagu bayan kowane hannu. Mutum biyun da ke hagunsa su ne ke yin zubin dole tun ba su ga kati ba: na farko ƙarami, na biyu ninkinsa, misali 10 da 20. Sai a raba wa kowa biyu a rufe. Wanda ke hagun mai babban zubi shi ke fara magana, abu uku ne kuma a gabansa: ya janye ya zubar da katinsa, ya bi ya sa 20, ko ya ƙara. Magana ta zagaya har duk waɗanda suka rage zubinsu ya zo daidai.

Mai rabo ya kife kati ɗaya gefe, ya buɗe uku a tsakiya. A sake zagayen zubi, wannan karon daga na farkon da ya rage a hagun mai rabo, kuma idan babu wanda ya zuba kana iya wucewa ba ka sa komai ba. A buɗe na huɗu, a yi zubi. A buɗe na biyar, a yi zubin ƙarshe. In mutum biyu ko fiye sun kai nan, a buɗe hannu mai ƙarfi ya kwashe tarin. In kowa ya janye saura mutum ɗaya, ya kwashe ko da ba shi da komai, ba dole ya nuna ba. Ku yi hannu 20 ko 30 haka da katinku a buɗe, kowa yana ganin na kowa, kuna gardamar wa ya fi wa. Idan ka kai inda kallo ɗaya za ka yi wa tsakiya ka faɗi hannun da ya fi kowane ƙarfi da za a iya haɗawa da shi, lokacin ɗaukar waya ya yi.

A nan na fi son mai koyo ya fara da manhajar da ake bugawa da na'ura ba tare da intanet ba. PokerTH kyauta ce gaba ɗaya, ba ta sayar da jeto, tana ba ka abokan wasa na kwamfuta. Amfanin bugawa ba tare da intanet ba a fili yake ga mutumin bakin iyaka: wayar da ke tsakanin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato takan yi ta tsalle tsakanin rezon Nijar da na Najeriya, kuma a teburin intanet da zarar rezo ya yanke lokacinka ya cika, ana zubar maka da kati ne ko da as biyu ke hannunka. Idan ka tashi bugawa da mutane, akwai Zynga Poker da ta fara a Facebook a 2007, da manhajar World Series of Poker, da shafin Replay Poker. Dukansu suna ba da jeto kyauta, dukansu kuma na manya ne, kada a bar wa yara. Daga Play Store kaɗai za ka sauke; fayil ɗin da wani ya tura maka ta WhatsApp ko Xender wai yana ba da jeto marar ƙarewa, hanyar satar bayanan waya ce. Ka shiga a matsayin baƙo in an ba da dama, kada ka haɗa da Facebook ɗinka, ka zaɓi sunan da ba naka ba.

In allonka na Faransanci ne, Suivre shi ne bi, Relancer ƙari, Parole wucewa, Tapis zuba duka. Passer kuwa a manhajoji da yawa janyewa ne gaba ɗaya, ba wucewar belot ba, kada ka danna shi da kati mai kyau. Zauna a teburin da zubinsa ya fi ƙanƙanta, kada ka ɗora fiye da kashi ɗaya cikin ashirin na jetonka a tebur guda.

Gwaninta tana cikin zubarwa

Abu mafi wuya a koya wa ɗan fada shi ne cewa mafi yawan katunan da za a ba shi na zubarwa ne. A belot kowane rabo sai an buga shi. A poka, a teburin mutum shida, mai hankali yana shiga kusan hannu ɗaya cikin biyar, sauran huɗun yana zaune yana kallo. Kati biyu na farko iri 169 ne in an haɗa masu kama da juna. As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, tagwaye kowane iri sau ɗaya cikin 17. Waɗanda suka cancanci shiga daga ko'ina su ne manyan tagwaye, da as da sarki, da as da dam. Ƙananan tagwaye ana bi da su in zubin bai yi tsada ba, da fatan na uku ya faɗo a buɗin farko, abin da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi. In bai faɗo ba, a janye ba tare da baƙin ciki ba. Irin su 7 da 2, ko bale da 4, ko kallo na biyu ba su kai ba.

Wurin zama ma yana da nauyi kamar katin. Mai alamar rabo shi ke magana a ƙarshe a duk zagayen da ke bayan buɗin farko, ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa. Kamar mai sayen albasa ne a Galmi da ya tsaya har ya ji farashin da sauran suka taya kafin ya buɗe baki. Don haka a wannan kujera kana iya shiga da irin su 10 da 9 na dangi ɗaya, waɗanda da kai ne mai fara magana zubar da su za ka yi. Kuma in za ka fara shiga hannu, shiga da ƙari, kamar ninki uku na babban zubi, kada ka lallaɓa da bi kawai.

Bari mu bi hannu ɗaya a hankali, domin a nan lissafin yake. Zubin dole 10 da 20. Kai ne mai alamar rabo, an ba ka as da bale na ker. Wani ya ƙara zuwa 60, ka bi, masu zubin dole suka janye. Tarin tsakiya ya zama 150. Aka buɗe sarkin ker, 7 na ker, 2 na tirefil. Yanzu ba ka haɗa komai ba, amma ker huɗu kake gani, ɗaya ya rage maka ka cika dangi ɗaya, kuma da as a hannunka babu dangin ker da zai fi naka. Kowane dangi kati 13 ne, ka ga 4, saura 9. Katunan da ba ka gani ba 47 ne. Damarka a kati na gaba 9 cikin 47, kusan kashi 19 cikin ɗari. Akwai hanyar gaggawa: ninka katunan cetonka, wato waɗanda za su cika maka hannu, sau 2 in kati ɗaya za a buɗe, sau 4 in za ka ga biyun da suka rage ba tare da an sake neman zubi ba. Tara sau 2 sha takwas, tara sau 4 talatin da shida, ainihin lissafin kuma kusan 35 ne.

Abokin karawarka ya zuba 50. Tari ya koma 200, ana neman 50 a wurinka. In ka bi, duka zai zama 250, kasonka a ciki 50, wato kashi 20. Damarka 19, farashi 20, kusan kunnen doki, kuma in ker ya faɗo akwai ƙarin da za ka ci a zagayen gaba. Ka bi. Aka buɗe 4 na pik, bai taimake ka ba. Sai ya zuba 250, daidai da tarin. Yanzu in ka bi, duka 750 ne, kasonka 250, kashi 33. Damarka 9 cikin 46, bai cika kashi 20 ba. Ko ka ɗauka tagwayen sarki kawai yake da su, ka ƙara as ukun da suka rage cikin katunan ceto, 12 cikin 46 kashi 26 ne, har yanzu ƙasa da 33. Janye. Zuciya za ta ce maka ai ker na tafe, wani lokaci ma a buɗe ka gan shi ya faɗo. Janyewar dai daidai ce, domin in aka maimaita wannan hali sau ɗari, mai bi asara zai yi. Ana auna shawara da abin da ka sani lokacin da ka yanke ta, ba da katin da ya fito daga baya ba.

Teburin kyauta yana da halinsa da ya kamata ka sani. Tunda jeton ba ya yi wa kowa ciwo, za ka ga mutum ya zuba duka da 9 da 3, wasu uku su bi shi. Burga ba ta aiki a kan wanda ba ya janyewa, saboda haka ka ajiye ta. In kana da hannu mai ƙarfi ka zuba da kyau, rabin tari zuwa kashi biyu cikin uku, za su bi ka. In ba ka da komai ka wuce ko ka janye. Lokacin da kake zaune ba ka cikin hannu, kalli waɗanda ke ciki: wa ke shiga kowane rabo, wa ba ya ƙari sai da babban abu, me kowa ya nuna a ƙarshe. Kuma ka shirya wa rashin sa'a. As biyu a gaban sarki biyu suna cin kusan kashi 82, ma'ana kusan sau ɗaya cikin biyar za a kayar da su. Wanda aka kayar haka ya fusata ya fara zuba duka don ramuwa, ya ajiye waya ya tashi. Tun kafin ka zauna ka yanke lokacin tashi, rabin awa ko awa ɗaya, kiran salla kuma ya yanke wasa ko a tsakiyar hannu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da ke bayan wannan kyauta. Yawancin kamfanonin nan da sayar da jeto suke ci. Da naka sun ƙare allo zai cika da tayin ragi na minti goma, alhali jeton da ka saya ba ya komawa kuɗi har abada, kuma in ka jira gobe za a ba ka wasu. Kada ka sa katin banki ko asusun kuɗin waya a Play Store na wayar da kake wasa da ita, ka kuma kunna neman kalmar sirri kafin kowane saye. Bayan haka akwai tallan shafukan caca na gaske, da masu cewa za su sayi jetonka da sefa ko naira. Ranar da jeto ya sami farashi, wasan ya zama caca ko da sunansa kyauta. Lokacin da albasa ta fita kasuwa, ko ƙarshen wata da albashin ma'aikatan siminti na Malbaza ya shigo, a nan wannan tayi ya fi kama mutum, don kuɗi suna cikin waya, dannawa biyu ce tsakani.

Za a ba ka labarin Chris Moneymaker, akawun Amurka da ya sami kujerar gasar duniya ta intanet ya ci dala miliyan biyu da rabi a 2003. Gaskiya ne, kuma labarinsa ne ya ja ɗimbin mutane cikin pokar intanet, waɗanda akasarinsu asara suka yi. A teburin kuɗi mai shafi yana yankar kasonsa daga kusan kowane tari, don haka ko ƴan wasa sun yi daidai a gwaninta, jimillarsu raguwa take yi. Ba kuma ka san wa ke bayan allo ba. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu, a 2019 wata mai suna Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Cin jeto miliyan a teburin da mutane ke zuba duka da 9 da 3 ba hujja ba ce cewa ka iya. Idan ka ji kanka kana lissafin nawa da ka samu da a ce kuɗi ne, ko kana ɓoye allo in wani babba ya iso, goge manhajar a ranar.

Wanda ya tsaya a jeton wasa kuma Hold'em ya zauna masa, yana iya gwada Omaha, wadda ke cikin wasu daga waɗannan manhajoji. Tsakiya biyar ne kamar yadda ka saba, zagayen zubi huɗu, amma kati huɗu ake ba ka a rufe, kuma dole ka haɗa biyu cif daga hannunka da uku cif daga tsakiya. In ker huɗu suna tsakiya kai kuma as na ker kaɗai kake da shi, a Hold'em ka cika dangi ɗaya, a Omaha ba ka cika ba. Da yake kowa kati huɗu yake riƙe da su, tagwaye biyu da kake taƙama da su a can ba safai suke ci a nan ba, sai ka ƙara tsananta zaɓen hannun da za ka shiga da shi.